Motar Yaya da Tuwon Inna

Duk wanda ya tambaye ni ko akori-kura mai aiki da batir ta dace da direban da ke neman abincinsa kullum a kan hanya, sai in ce ya nemi wuri ya zauna tukuna, don amsar tana da tsawo. A gidanmu aka yi gwajin, kuma saura ƙiris gwajin ya kwantar mana da mahaifiya.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna: Yaya, ɗan farinta, sai ni auta. Asalin babanmu Damagaram ne, amma mu a wani ƙauye muka tashi kusa da Geskeru, a bakin Komadugu, inda kowane gida manomin tattasai ne. A shekarun da hankali ya tashi, wata safiya babanmu ya fita duba injin ban-ruwa, bai dawo ba. Har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Muka tattara abin da hannu zai iya ɗauka muka dawo cikin garin Difa, muka samu gida mai sassa biyu. Yaya da iyalinsa suna sashen da ke da babbar ƙofa, inda mota ke shiga, ni da Inna muna bayan katanga. Ni ina koyarwa a lakol ɗin unguwarmu. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani a hankali, har ta kai sai dai ta bambance rana da inuwa.

Inna irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Ba ta kiransa, ba ta aika masa, ba ta tambayar ina yake. In dole ta kama, sai ta ce «wancan» ko «mai motar». Da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta amsa da ƙyar kamar an tilasta mata. Shi ke nan sun gama sai gobe. Ni da nake kwanciya a kan cinyarta har na girma, nakan tsokane ta in ce, «Inna, anya ke kika haifi bawan Allahn nan, ko tsinto shi aka yi?» Sai ta laluba ta kai mini duka da mafici ta ce, «Ke dai ba ki da ta ido.»

Yaya direba ne tun yana saurayi. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai shan gazuwal, da ita yake kwaso buhunan tattasai daga gonakin bakin kogi zuwa kasuwar Difa, wani lokaci ya leƙa wajen Boso ya ɗauko banda. Wayyo motar nan! In ta taso daga kan gudron, wato titin kwalta, duk unguwa sai ta sani. Tari take yi kamar tsohon da ya shekara yana shan taba, sannan in ya kashe ta sai ta yi wata jijjiga ta saki tsaki. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Ni kaina na tsane ta, don hayaƙinta ya sha ɓata mini wanki.

Mai ne ya fara gajiyar da shi. An yi lokacin da aka taƙaita sayar da mai a jarka saboda tsaro, aka hana babura, samun gazuwal ya zama wani aiki na daban. Ga motar kullum tana garaji. Wata tafiya da ya yi Maiduguri ya ga ƙananan motoci masu batir suna yawo ba hayaƙi, ya dawo ba shi da zance sai nasu. Ya yi ta fafutuka har ya samu wanda ya kawo masa wata 'yar akori-kura fara, ƙirar Shinuwa, mutanen ƙasar Sin, ya jingine tsohuwar a garaji.

Ranar da aka kawo ta, unguwa ta cika. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne in aka sa ta baya, sai muryar wata mata ta tashi da ƙarfi cikin yaren Shinuwa, tana maimaita magana ɗaya, wai gargaɗi take yi a kauce. Yara suka haddace, suna bin Yaya suna kwaikwayo. Har Inna daga bayan katanga ta ce, «Ke auta, wace baƙuwa ce muka yi mai surutu haka?» Na ce mata motar ce ke magana in za ta ja da baya. Ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah. Yaya mutum ne mai son girmansa, bai jure tsokanar direbobi ba. Kafin mako ya zagayo ya kai wa makanike ya cire wayar muryar, motar ta koma shiru kamar kyanwa.

A tasha an yi masa ba'a iri-iri. Wani ya ce ya sayi fitilar hannu mai taya huɗu. Wani ya ce ranar da aka ɗauke wuta sai ya ɗaura mata jaki. Kuma gaskiya ba duk maganarsu ce banza ba. Motar ba ta son yashi mai zurfi, yana shanye mata batir. Ba ta zuwa Boso ta dawo da caji ɗaya, dole ya bar wa wasu jigilar banda. In ya yi mata lodin da yake yi wa tsohuwar, sai ta riƙa tafiya kamar mai ciwon baya. In rana ta take, sai ya nema mata inuwa. In an kwana ba wuta a gari, ranar sai ya makara.

Amma wallahi na ga abin sha'awa. Yaya ya zauna ya koyi halin motar kamar yadda ake koyon halin sabuwar dabba. Ya rage lodi ya ƙara sawu. Ya gane inda ƙasa ke da tauri a hanyar kogi, ya daina yanke ta cikin rairayi. Manoman da ke da fanno na hasken rana don injin ban-ruwa suka yarda ya riƙa jona ta a wurinsu da tsakar rana, lokacin da ake ɗinke buhuna ana sallar azahar, ta ɗan samu abin da zai kai ta gida. Ya kafa nasa fannon a kan rufin ɗaki. Ya daina kwana a layin mai, ya daina dawowa da baƙin hannu. Na bi shi sau da yawa ranar da ba lakol, kuma ban manta tafiyar farko ba. Muna gangarawa bakin kogi ina jin kukan tsuntsaye, ina jin matan da ke tsinkar tattasai suna hira da Barbarci, ga shanya ja wur a kan tabarmi har iyakar gani. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa sanin tana da sauti ba sai ranar. Awaki ne kaɗai suka raina mu, ba sa tashi daga hanya sai an yi musu tsawa. Sojojin shinge kuma suka ce ya riƙa kunna fitila tun daga nesa, don ba sa son abin da ke zuwa musu ba sanarwa.

Muna cikin wannan murna Inna ta daina cin tuwon dare.

Da farko na ɗauka miyar ce. Na canza kuka na yi kuɓewa, na sa banda, na sa man shanu. Sai ta ce in ajiye, ba ta jin yunwa tukuna. In na dawo ɗaukar kwano, in tarar da shi yadda na bar shi. Da safe, bayan Yaya ya gaishe ta ya fita, sai ta sha koko ta ci ɗumame sosai, daga nan kuma sai abin ya riƙa raguwa har yamma. Ta fara ramewa, zanenta na kwancewa a ƙugu. Barci ma ba ta yi, in na farka sai in ji carbinta yana motsi. Muka kai ta likita, aka auna jini aka auna sukari, aka ce ba komai sai tsufa, aka ba mu maganin buɗe ciki. Matar Yaya ta kawo jiƙe-jiƙe. Duk a banza. Raina ya ɓaci, har na yi mata faɗa na ce, «Inna, so kike ki kashe kanki ki bar ni da wa?» Ta ce in rabu da ita.

Matar Yaya ce ta fara lura da wani abu. Ta ce, «Kin kuwa san ranar Juma'a Inna tana cinye tuwonta tas?» Na tsaya na yi tunani, haka ne kuwa. Juma'a ce ranar da Yaya ba ya fita hanya, yana wuni a gida, ana jin muryarsa ta kan katanga yana wasa da 'ya'yansa. Amma ko a lokacin ban haɗa zancen ba.

Sai wata yamma dab da magariba, ina zaune kusa da ita ina gyaran takardun yara, kwanon tuwo na gabanta a rufe. Wata tsohuwar mota mai gazuwal ta karyo daga kan gudron tana tari. Na ga Inna ta ɗaga kai. Fuskarta ta saki, hannunta ya tafi kan faifan da ya rufe kwanon. Motar ta zo daidai ƙofarmu ta wuce, ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Hannun ya ɗan tsaya a kan faifan, sannan ta janye shi ta mayar cikin mayafi.

A nan na gane. Na tuna duk shekarun da muka yi a gidan nan, kullum in na kawo tuwo sai ta ce in ajiye tukuna, kuma kullum sai tsohuwar motar ta shigo ta yi tsakinta sannan Inna ta ce, «Miƙo mini ruwan wanke hannu, kar abin nan ya huce.» Ranar da ya kwana a waje kuwa nakan tarar da kwanon yadda na bar shi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ashe tun ranar da babanmu ya fita bai dawo ba, matar nan ba ta taɓa kai loma bakinta da yamma ba sai ta ji ɗanta ya shigo gida. Ba ta gani, ba ta iya tambaya. Tarin motar da duk muka tsana shi ne yake gaya mata. Yanzu Yaya yana shigowa shiru, ya wuce masallaci, ya ci abinci a waje da maza, ya kwanta. Ita kuwa tana zaune da hanyar Geskeru a cikin kanta har gari ya waye ta ji gaisuwarsa. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Washegari na ce ai abin mai sauƙi ne. Da na ga motar ta shigo, na je na ce, «Inna, Yaya ya dawo.» Kai! Kamar na watsa mata ruwan zafi. Ta ce, «Na tambaye ki? Ina ruwana da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba?» Daren nan ko ruwa ba ta sha a gabana ba, don in ta ci bayan maganata, ta amsa ke nan cewa jiransa take yi. Na gwada dabara, na riƙa ɗaga murya ina ce wa matar Yaya ta kai wa mijinta ruwan wanka. Inna ba yarinya ba ce, ta gane da ita nake. Ta ce in na ƙara yi mata wannan wasan a gida za ta koma ƙauye ko da rarrafe.

Dole na sami Yaya. Na same shi da rana yana goge fannon rufi, na gaya masa komai. Ya sauko daga tsani ya zauna a kan wani buhu. Mutumin da ya kai shekarun furfura, ashe bai taɓa sanin uwarsa tana sauraron shigowarsa ba. Da ya buɗe baki, muryarsa ta canza. Ya ce, «Auta, kin tabbata?» Na ce da idona na gani.

Na ce ya riƙa danna oda in ya iso. Ya harare ni ya ce, «In yi wa Inna oda kamar maigadi? Kuma odar motar nan iri ɗaya ce da ta kowane keke a garin nan.» Na ce to ya riƙa leƙowa ya gaishe ta da yamma. Ya ce abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, in ya fara yau, ta san an tona mata asiri, kuma kunyar za ta fi yunwar yi mata illa. Gaskiyarsa ce, na riga na gani. Sai ya miƙe ya ce, «Zan sayar da ita. In gyara tsohuwar.»

Nan fa na tashi masa. Na ce ya koma layin mai? Ya koma kwana a garaji? Motar da ta sa 'ya'yansa suka fara ganinsa da rana? Waɗanda suka yi masa dariya a tasha yanzu suna zuwa suna leƙa cikinta suna tambayar inda ake samu, shi kuma zai mayar da hannun agogo baya? Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, «Mota ce fa, Auta. Inna kuma guda nawa gare ni?» Ranar na ga girman yayana fiye da kullum, kuma na ji haushin duniya gaba ɗaya.

Har ya fara magana da wani mai saye. Kwanakin nan gidan ba daɗi, Inna na ƙara zubewa, ni ina kumbure-kumbure, Yaya ba ya haɗa ido da kowa.

Ana nan wata yamma ina tsakar gida ina kwashe tuwo, sai na ji wata murya ta tashi daga ƙofar sashensu, muryar mace, da ƙarfi, cikin yaren da ba mai ji. Na saki mara na leƙa. Ga Yaya ya juya motar a tsakiyar lungu yana ƙoƙarin shigowa da baya. Ƙofar, duk da ita ce babba, matsattsiya ce ga mota, lungun ma haka, ga kwata a gefe. Ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ya goge katanga har fenti ya kankare, 'yar Shinuwa kuwa sai zuba take yi ba numfashi. Ashe ya je wurin makanike an mayar da wayar da ya sa aka cire. Da ya samu ya daidaita ta, ya fito yana share gumi, ya ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga, wai da matarsa yake: «Wayar cajin nan ta yi gajarta, daga yau sai dai in riƙa shigowa da baya.» Wayar nan kuwa na san ta, za ta iya zagaye motar har ta yi saura.

Na koma sashenmu ina ɗari-ɗari, na ajiye kwano a gaban Inna ban ce komai ba, na kama tsintar shinkafar da ba ta buƙatar tsinta. Aka ɗan jima. Sai na ji ta ce, «Ke, ina ruwan wanke hannun? Ko so kike abin nan ya huce?» Ta cinye tas, har ta ce miyar ta yi gishiri. Ni kuwa hawaye na ɗiga cikin shinkafa, ina ta addu'a kar ta ji ni ina jan hanci.

Maganar sayarwa ta mutu a nan. Direbobin tasha suka dawo da tsokanarsu, suna ce masa mai tafinta. Yara suka dawo da kwaikwayo. Bai ƙara kulawa ba. Ya ƙware da shiga da baya har yana yi da hannu ɗaya. Inna ta murmure, zanenta ya koma zama daidai. Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo tana ƙorafin surutun motar, Inna ta ce mata, «A'a, ki bar yarinyar nan. Tana da tarbiyya, ba ta taɓa shiga gidan mutane ba sallama.»

Saboda haka in an tambaye ni ko irin motar nan ta dace da talaka mai aikin kullum, nakan ce ta dace, in hanyarsa ba ta wuce ƙarfinta ba, in yana da rana a kan rufinsa, in kuma yana da haƙurin koyon halinta. Tana nan har yanzu, fentinta ya koɗe, an canza mata batir, tana kwaso tattasai. Sai dai nakan ƙara da cewa ya duba gidansa tukuna, ko akwai wanda ke jiran ƙarar tsohuwar bai sani ba.

A daminar da ta biyo bayan murmurewar Inna, wata yamma hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, aka fara yayyafi mai ƙarfi. Ina zaure ina ajiye shanyar da na kwaso, Yaya ya shigo a guje, da gaba, don ya tsere wa ruwan. Ya kashe motar, ya fito, ya kai bakin ɗakinsa. Sai ya tsaya cak, ya dubi katangar da ta raba mu. Ya koma cikin ruwan ya shiga motar, ya ja ta baya zuwa lungu, ya juya, ya sake shigowa da baya, gilashi a sauke, kansa a waje don ya ga ƙofa. Kafin ya gama ya jiƙe sharkaf.

Na shiga wurin Inna na tarar har ta buɗe kwano. Ta ce, «Yau sallama biyu ta yi.» Na ce eh, ruwa ne ya ruɗa ta. Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, tana sauraron ruwan a kan kwanon rufi. Sannan ta kau da kai wajen bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

«Je ki ce wa mai motar ya cire rigar nan, kar sanyi ya kama shi.»

Tun da aka haife ni ban taɓa kai saƙo daga bakinta zuwa gare shi ba. Na ratsa ruwan ba mayafi, na same shi a bakin ƙofa yana matse hula, na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ya tsaya da hular a hannu yana kallona. Sai ya juya mini baya, ya daɗe a haka, ruwa na zuba daga gefen rigarsa.

Ya ce, «Ki ce mata to.»